Tsakanin Hazo da Duhu

Ƙannena da 'ya'yana na Cissin, da na sauran unguwannin Wagadugu inda Bahaushe ya kafa gida, yawancin makafin da kuka sani ba dare ɗaya suka makance ba. In dai ba da makantar aka haifi mutum ba, ko haɗari ya same shi, to akwai shekaru da ya yi yana gani amma ganin na ja da baya. A cikin waɗannan shekaru ake yanke yadda sauran rayuwarsa za ta kasance, kuma mun saba ɓarnatar da su ta hanya guda. Da fari a ɓoye. Tela ya fara miƙa wa yaronsa allura ya zura masa zare, ya ce hannunsa ne da maiƙo. Mai shago ya riƙa kai takardar kuɗi dab da hanci, ya ce jabu ta yi yawa a gari. Ɗaliba ta koma bencin gaba ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Daga ɓoyo sai yawon magani, daga mai tallan kwalabe a bakin kasuwa zuwa wanda ya rantse tozalinsa daga Makka ya zo. In aljihu ya ƙare sai zaman ɗaki. Abin da nake son ku riƙe shi ne, wanda ganinsa ke raguwa yana da aiki biyu da zai ɗauka a lokaci guda: ya ceci abin da ke cetuwa, ya kuma koyi rayuwa ba tare da abin da ba zai cetu ba, tun yana da sauran hasken da zai koya da shi. Haƙuri da godiyar da muke yawan ambato a cikin ayyukan nan biyu suke zaune.

Aikin farko yana somawa da sanin sunan ciwon, domin cututtukan da ke kawo hazo a ido ba makomarsu ɗaya ba. Yanar ido, wadda ta fi kowace yawa, ƙwayar da ke tace haske ce take dusashewa, akasari saboda shekaru. Likita kan cire ta ya sa ta roba a madadinta, kuma mutum na iya sake gani ko da ya shekara da shekaru a duhu. Ciwon suga kuwa ƙananan hanyoyin jini na bayan ido yake lalatawa, a hankali, tun mai shi bai ji komai ba. Akwai wani da ya shafi ƙasar nan musamman: nau'in jini na C ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana fiye da ko'ina a duniya, kuma mai sikila irin ta SC, wanda sau da yawa ciwon ƙashinsa bai kai na mai SS tsanani ba har ya ɗauka ya tsira, ya fi mai SS fuskantar lalacewar bayan ido, sau da yawa tun yana saurayi. Akwai kuma dundumin gado, wanda ke farawa da rashin gani bayan magariba ya riƙa matse fili har ya zama mutum ta ɗan rami yake leƙen duniya, kuma har yau yawancin irinsa ba shi da magani. Guda cikin waɗannan ana warkar da shi sarai, wasu ana taka musu birki, wani sai dai a shirya masa. Wanda bai san wanne ke damunsa ba zai iya zaman makokin idon da aikin ƙasa da awa ɗaya zai buɗe, ko ya yi ta jiran buɗewar idon da kullum rufewa yake.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne hawan jinin ido, gilokoma a bakin likitoci. Ido yana yin wani ruwa a cikinsa kullum, ruwan kuma yana da magudanar da yake fita. In magudanar ta cushe sai ruwan ya danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ta riƙa mutuwa zare-zare, kuma zaren da ya mutu ya tafi ke nan. Irin da ya fi kama mu ba ya zafi, ba ya ja da ido, ba ya kawo ƙwantsa. Yadda gara ke cin azara ta ciki ta bar bayanta sumul har ranar da rufi zai rufta, haka yake yi. Daga gefe yake farawa, ido ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ƙwaƙwalwa tana cike giɓin da abin da take zato, har mutum ya iya karanta ƙananan rubutun waya alhali rabin filin ganinsa ya tafi. A gari irin Wagadugu, inda kowa ke kan babur, alamar farko na iya zama mutum ya daina ganin wanda ya ɓullo masa ta gefe a mararraba, ya tashi yana kaɗe ƙura yana rantsuwa cewa mutumin daga sama ya faɗo. Baƙar fata ya fi saurin kamuwa da shi, da ƙarancin shekaru, kuma yana bin dangi. Babban binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da shi, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu kuma ba su san suna da shi ba. Gane shi ba wuya gare shi ba: a auna ƙarfin ruwan, a leƙa jijiyar da fitila, a zaunar da kai gaban na'ura ka kafa ido wuri guda kana danna maɓalli duk sa'ad da ɗigon haske ya ƙyalla a gefe. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko yayansa ya makance "haka kawai", kada ya jira ya ji wani abu kafin ya je a auna shi.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba da wasa zai faɗa ba: makanta ƙaddara ce, wanda Allah ya rubuta masa ba likitan da zai kankare. Ban musa ƙaddara ba. Amma mutumin Wagadugu ya fi kowa sanin cewa wannan magana ba ta nufin naɗe hannu, domin a garin nan aka kafa hedikwatar ɗaya daga cikin manyan yaƙe-yaƙen da aka taɓa yi da makanta. Kakanninku sun san lokacin da mutane ke gudun bakin kogunan Nakambe da Nazinon da Muhun, su bar ƙasa mai albarka su koma kan fako, saboda wani ɗan baƙin ƙuda da ke ƙyanƙyasa a ruwa mai gudu. Cizonsa na sa wa mutum tsutsa a jiki, 'ya'yanta su bazu a fata su hana shi barci da ƙaiƙayi, su shiga ido su kashe shi a hankali. A wasu ƙauyukan Afirka ta Yamma har rabin mazan da suka haura shekara 40 sun makance, kuma mutanen wurin sun ɗauka haka tsufa yake zuwa. A 1972 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya zo ƙasar nan tana Haute-Volta ya ga layin makafi yara na jan su da sanda. A 1974 aka buɗe shirin yaƙi da wannan cuta, makantar kogi, a Wagadugu, da ƙasashe 7 da farko, daga baya 11. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna mako-mako suna zuba maganin da ke kashe 'ya'yan ƙudan, shekara da shekaru, saboda uwar tsutsar kan rayu fiye da shekara goma a jikin mutum. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta muddin ana bukata. Da aka rufe shirin a 2002, lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna an kare mutum kusan 600,000 daga makanta, an kuma maido da hekta miliyan 25 ga noma da zama. A Janairun 2025 aka tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar. To, makantar kakannin ƙaddara ce, ganin jikokin ma ƙaddara ne. Sayyidina Umar ya juya da ayarinsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka ce gudun ƙaddara yake yi ya nuna musu cewa juyawar ma ba ta fita daga ƙaddara ba.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, wato kuɗi. Maganin ɗigawa na hawan jinin ido ba na mako guda ba ne, na har abada ne, kuma mai neman na cefanen yau ba ƙaramin abu ake nema a wurinsa ba in an ce ya sayi kwalba duk wata don ciwon da ba ya jin zafinsa, maganin da kuma ba zai ƙara masa gani ko kaɗan ba, iyakarsa ya tsare abin da ya rage. Wannan gaskiya ce, kuma wani ɓangaren laifin yana kan hukumomin da suka bar magani irin wannan da tsada. Sai dai a yi lissafin duka. Likitocin ido a ƙasar nan kaɗan ne, yawancinsu kuma a Wagadugu da Bobo suke. Abin da mutumin ƙauye zai sayar da akuya ya yi tafiyar yini ya nema, ɗan Cissin da man babur zai kai sashen ido na asibitin Yalgado Ouédraogo. Sannan hanyar da ake ɗauka mai araha ita ce mai tsadar. Ƙaramar kwalbar nan ta bakin titi da ke wanke jan ido cikin kwana biyu sau da yawa tana ɗauke da kotizon, wanda in aka daɗe ana ɗigawa shi da kansa yake tayar da ƙarfin ruwan ido ya kuma kawo yana. Masu yawo gari-gari suna ture yana da tsinke ko allura kuwa, binciken Nijeriya da na ambata ya samu cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana su suka taɓa su, akasarin idanun kuma ba su fita daga makanta ba. In kwalbar wata-wata ta fi ƙarfinka, faɗa wa likita ƙarara, ka tambaye shi ko akwai mai rahusa, ko aiki zai yi maka. Abin da ke kashe ido shi ne a ɗiga wata guda, a bari wata uku, a koma asibiti a ce ana ɗigawa.

Aiki na biyu shi ne wanda zuciya ta fi ƙi. Ka ce wa mai sauran gani ya fara koyon tafiya da farar sanda, sai ya ji kamar ka yi masa baki, danginsa ma su ce kana kira masa abin da bai zo ba. Amma koyon sanda bai taɓa kashe jijiyar ido ba, ƙin koyo kuma bai taɓa raya ta ba. Bambancin kawai shi ne wanda ya koya da sauran haske yana da mai gyara masa kuskure a cikin kansa: ya taɓa bakin kwata da sanda, ya duba ya ga lallai kwata ce, hannu da kunne su riƙe darasin. Wanda ya jira duhu zai koyi abu guda da tsoro da targaɗe. Kuma abubuwan koyon ƙanana ne, masu yawa. Yadda za ka ɗora yatsa a bakin kofi ka ji zafin shayi ya iso kafin ya zube. Yadda za ka ninka takardar jika ɗaya daban da ta jika biyar da ta jika goma, kowace da aljihunta. Yadda kowane abu a ɗaki zai sami mazauni guda, buta da takalmi da makulli, mutanen gida su san cewa gusar da kujera ba tare da faɗa ba zalunci ne. Wayar da ke hannunka tana da muryar da ke karanta abin da ke kan fuskarta, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, kuma sanin ta ya fi sauƙi tun kana iya ganin inda yatsanka ya sauka. Rubutun makafi da Louis Braille ya tsara a Faransa yana yaro, ɗigo shida kacal, ana rubuta Faransanci da Larabci da shi, har da Alƙur'ani cikakke. A Gounghin, cikin garin nan, ƙungiyar makafi ta ƙasa, UN-ABPAM, tana da makarantar yara makafi inda ake koyar da shi. Dokar 2010 kan haƙƙin masu naƙasa ta tanadi katin shaida da rangwame a asibiti da makaranta da sufuri. Takarda ce, ba ta bin mutum gida, sai an je an nema an kuma nace. Har sanin unguwa da ƙafa dukiya ce. Duk wanda ya tuna yadda aka rushe Zangouettin, tsohon zangon Hausawa, a 2003 don aikin sake fasalin gari na ZACA, ya kwatanta abin da tashin ya zama ga tsohon da ya haddace kowane lungu da tafin ƙafarsa aka kai shi fili inda bai san ko dutse ɗaya ba. Saboda haka mai raguwar gani ya yi tunani sau biyu kafin ya sauya gida, in kuma dole ne, ya sauya da wuri.

Akan kawo sunayen manya a nan, kuma sun cancanta. Shaihu Abdul'aziz bin Baz ciwon ido ya kama shi yana ɗan shekara 16, ganin ya yi ta raguwa har ya ƙare yana kusan 20, ya kuma rasu a 1999 yana babban muftin Saudiyya. Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma har yau ana rera baitocinsa a duk inda ake jin Hausa. Amadou Bagayoko na Mali, wanda ya rasu a 2025, ya rasa ganinsa yana matashi, ya haɗu da abokiyar kiɗansa Mariam a makarantar makafi ta Bamako, suka zaga duniya da kiɗa. Mai hankali zai ce waɗannan ai ɗaiɗaiku ne, makafin da ya sani a ƙofar masallaci suke da ƙoƙo. Haka ne, kuma ba na yi wa kowa alkawarin zama mufti. Abin dubawa a labarinsu shi ne abin da aka zuba musu: malami ya zauna da su, makaranta ta karɓe su, wani ya karanta musu littafi da baki har ya zauna. Bara da ta zama kamar gadon makaho a ƙasar Hausa, har da sarautarta da unguwanninta, ta samo asali ne daga rashin wannan zubin. Mai sayar da goro ko atamfa da ya san kayansa da hannu, mai gyaran babur da ke gane ciwon inji da kunne, malamar Islamiyya da ta haddace abin da take koyarwa, ba wanda makanta za ta kora daga sana'arsa gaba ɗaya in ya fara sauya yadda yake yin ta tun da wuri, ya kuma sami amintacce a gefe.

Kada wannan ya sa ku ɗauka baƙin ciki laifi ne. Mutumin da aka gaya wa cewa fuskar 'yarsa za ta ɓace masa yana da haƙƙin ya yi kuka, ya yi shiru, ya ƙi cin abinci kwana biyu. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yakubu da idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, bai kuma fita daga sahun masu kyakkyawan haƙuri ba. Hadisin da Buhari ya ruwaito, mai yi wa wanda ya jure rashin idanunsa albishir da Aljanna, ya kira idanun abin ƙauna biyu, ladar kuma ta yi girma ne saboda rashin ya yi girma. Mu ne muke gaggawar toshe bakin mutum da "sai haƙuri" tun bai gama faɗin abin da ke ransa ba, don mu huta da nauyin sauraro. In abokinku ne, ku ci gaba da zuwa. Ku faɗi sunanku in kun yi sallama, ku daina wasan "canki ko wane ne". Ku yi magana da shi, kada ku tambayi na kusa da shi ko yana shan shayi da sukari. In za ku tsallaka titi ku ba shi gwiwar hannunku ya riƙe, kada ku ja shi ta riga. In kun tashi daga majalisa ku ce kun tashi, kada ku bar shi yana ba kujera labari. In shirun nasa ya yi tsawo, ya daina wanka ya daina fita, wannan ma ciwo ne da ake kai wa likita.

Ku masu lafiyar ido kuma, akwai irin godiyar da ba na so ku koya, ta mutumin da ke ganin makaho ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi har makahon ya ji, ya jefa masa dala ya wuce. Wannan ya mai da ɗan'uwansa abin auna sa'arsa. Surar Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, kuma mutumin nan ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har akan bar masa Madina in an fita. Matsayi aka ba shi da aiki. Godiyar ido kuwa a yadda aka riƙe shi take bayyana. Yaron da ke walda ko yankan ƙarfe a bakin titi da tabaran gayu na jika ɗaya, ko ma ido tsirara yana kau da kai, bai gode ba, ko tasbihi nawa ya ja. Haka mai tuƙa babur cikin ƙurar hunturu ba gilashi, da mai suga da bai taɓa kai bayan idonsa a duba ba, da uwar da ta bar yaro ba rigakafin ƙyanda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, aƙalla biliyan 1 daga ciki kuma abin da za a iya karewa ne ko gyarawa, da yawa ma tabarau kawai suke bukata. Gwajin da ba ya cin ko dala shi ne ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi rubutun allon shago na nesa, ka sauya, ka yi wa tsofaffin gidanku haka. Bai isa ya kama hawan jinin ido ba, amma yakan tona idon da ya daɗe da mutuwa ɗan'uwansa na rufa masa asiri.

Saura magana ɗaya da ta shafe ku kai tsaye, domin ku ake ɗora wa. A harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva akwai mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda, an kafa shi don tuna yaƙi da makantar kogi. Mutane kan dubi tsohon, ni yaron nake so ku duba, domin lokacin makaranta ne yake riƙe da sandar nan. A gidajenmu in babba ya makance akan zaɓi yaro guda, sau da yawa mace, a ce ita ce 'yar jagora, a kira abin biyayya. Shekarun da za ta yi tana jan kakanta su ne shekarun karatunta, kuma in ya rasu ba wanda zai mayar mata da su. Shi ma tsohon an cuce shi, don an hana shi koyon zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa, abin da makafi da yawa ke yi kullum ba rakiya. A kai shi inda za a koya masa sanda, manyan gida su raba rakiyar asibiti da ta Juma'a a tsakaninsu, yarinyar kuma a bar ta ta tafi aji.